Kabewar da Ta Tsiro a Lungun Bushiya

An yi wata unguwar dabbobi mai suna Gindin Ɗorawa, inda gidaje ke jingine da juna, katanga ɗaya ce kawai ke raba maƙwabci da maƙwabci. Unguwa ce mai daɗin zama. Idan ka yi atishawa a tsakar gidanka, daga gida na uku za ka ji an ce maka sannu.

A nan Bushiya take da ɗan gidanta, kuma waina take toyawa a ƙofar gida. Hannunta na da daɗi, wannan babu mai musu. Miyar taushenta kuwa, ko mai ciwon haƙori ya ji ƙamshinta sai ya nemi kwano. Matsalarta ɗaya ce, tsoron magana. Da zarar an ɗaga mata murya sai ta dunƙule, ta mayar da kai ciki, ta bar mai faɗa yana faɗa da ƙaya.

Maƙwabcinta Talotalo ne, shi kuma girman kai ne ya yi masa yawa. Ƙofar gidansa shuɗiya ce, ta sha fenti har tana ɗaukar ido, kuma sau uku yake share tsakar gida a rana. Ba ya barin kowa ya shiga, wai kada a tattaka masa daɓe. Idan ya fito da safe sai ya baza jela, ya kumbura wuya, ya bi ƙofofin jama'a da kallo yana girgiza kai.

Tsakanin gidajen nan biyu akwai wani siririn lungu, wanda bakinsa ya fito daidai inda Bushiya ke kafa tandarta. Ku riƙe wannan lungu a ranku, yara, domin za mu daɗe a cikinsa.

Al'adar unguwar ita ce, kowace safiya kowane gida ya fito da kwandon shararsa ya ajiye a ƙofa. Sai Baba Jaki ya biyo da mangalarsa yana kwashewa. Aljihu ɗaya na mangalar na toka ne da ɓawo da duk abin da ke ruɓewa, wanda manoma ke so don taki. Ɗayan kuma na leda ne da gwangwani da fasassun kwalabe, waɗanda yake kaiwa juji can bayan gari. Baba Jaki tsoho ne mai haƙuri, ba ya sauri, ba ya kuma fashi.

Kowa na fito da kwandonsa ban da Talotalo.

"Ni?" in ji shi. "In ajiye kwandon shara a gaban wannan ƙofa, baƙi su wuce su gani? Allah ya sawwaƙe!"

Akwai kuma wani abin da yake taƙama da shi bayan ƙofar. Yana da wata irin kabewa da ya ce daga ƙasa mai nisa ya zo da irinta. Doguwa ce, mai wuya kamar gora, da fararen zane a jiki, ga zaƙi. A wani saƙo na gidansa yake shuka ta, kuma duk shekara a bikin kaka sai ya fito da guda ɗaya a kan faifai, a yi ta kallo, sannan ya mayar da abarsa gida ya cinye shi kaɗai.

Wata rana Bushiya ta tattara ɗan ƙarfin halin da take da shi ta tare shi a ƙofa.

"Malam, ina kwana? Da ma cewa na yi, ko za ka taimaka mini da 'ya'yan kabewar nan taka, ko guda uku ne. Ina so in gwada ta a taushe."

Talotalo ya dube ta daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba, tunda ba wani tsawo gare ta ba.

"Kabewata a miyar bakin hanya? Ke Bushiya, kin san abin da kike faɗa kuwa? Masu kyau suna cikin gwangwani a kulle. Ragowar kuwa, gara in zubar da su da in ba ki."

Bushiya ta dunƙule. Da ta warware, ya riga ya shige gida ya ja ƙofa.

To, duk gidan da ake sharewa sau uku a rana, dole sharar ta tafi wani wuri. Ga yadda Talotalo ke yi da tasa. Da rana tsaka, idan Bushiya ta tafi kasuwa sayen shinkafar ƙullun gobe, kowa kuma ya shige inuwa, sai ya hau kan turmi ya juye kwando ta saman katanga, shara ta zuba cikin lungu. Ya sauko ya kakkaɓe fukafukai, ya ji shi fes.

Da farko 'yar kaɗan ce. Bushiya ta dawo ta gani, ta ɗauki tsintsiya ta share, ta zuba a kwandonta. Washegari ta sake gani, ta sake sharewa. Ba ta ga mai zubarwa ba, amma ta ga ta inda take gangarowa, domin toka ta yi wa katangar Talotalo farin layi daga sama har ƙasa.

Baba Jaki ne ya fara lura.

"'Yar nan, ke kaɗai ce a gida, amma kwandonki ya fi na Agwagwa mai 'ya'ya tara nauyi. Lafiya?"

Ta sunkuyar da kai ta faɗa masa abin da take gani a lungu.

"To me ya hana ki zuwa wurin duba-gari, mai kula da tsaftar unguwa?"

"Haba Baba! In kai ƙarar maƙwabci? A ce Bushiya ce ta fara haɗa faɗa a unguwa? Ai gara in ci gaba da sharewa. Ba wani abu ba ne."

Baba Jaki ya kaɗa kunne. "Yau ba wani abu ba ne. Amma shara idan ta ga an yi mata shiru, 'yan'uwanta take kirawa."

Haka kuwa aka yi. Da masu wucewa suka ga ɗan tsibi a lungu, wannan ya jefa leda, wancan ya jefa ɓawon rake, kowa yana cewa ai da ma bola ce. Bushiya ƙarama ce, tsintsiyarta ma ƙarama. Tun tana kwashewa har abin ya fi ƙarfinta, tsibi ya yi tudu ya kai rabin katanga.

Ana nan sai ruwan farko na damina ya sauka. Kowa ya yi murna, yara suka fita wasa cikin ruwa. Amma bayan kwana uku lungu ya fara wari, ƙudaje suka yi sansani a kansa, daga nan kuma suka riƙa leƙo tandar Bushiya.

Masu sayen waina suka fara raguwa. Agwagwa, wadda ba ta taɓa fashin safiya ba, ta zo da kwanonta, ta tsaya, ta toshe hanci, ta juya. Ranar nan Bushiya ta koma gida da rabin ƙullu, ta zauna ta yi kuka, domin wainar nan ita ce abincinta, ita ce kuma mutuncinta.

Washegari sai ga duba-gari ya sauka a kan katanga. Hankaka ne, baƙi wuluk da farin ƙirji kamar wanda ya sa rigar aiki. Ba mugu ba ne, amma ba ya wasa da zancen tsafta. Jama'a suka taru.

"Bushiya," in ji Hankaka, "wannan bola a jikin gidanki take, kuma a bakinta kike sayar da abinci. Na ba ki kwana uku. Idan ba ta tashi ba, tanda za ta tashi."

Talotalo ya fito ya tsaya a gaban shuɗiyar ƙofarsa. "Na gode, Yallaɓai! Na daɗe ina haƙuri da wannan ƙazanta. Dubi gidana, dubi nata!"

Bushiya ta ji jikinta ya fara naɗewa da kansa. Kanta ya kusa shigewa ciki, sai idonta ya faɗa kan tandarta, wadda ta gada daga uwarta, tana jingine a bango. Ta yi ajiyar zuciya ta miƙe.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "sharar nan ba tawa ba ce."

Kowa ya juyo ya dube ta. Wasu ma ba su taɓa jin muryarta ta wuce ta cinikin waina ba.

"Ta wa ce?" Hankaka ya tambaya.

"Ban ga mai zubarwa ba, ba zan ce na gani ba. Abin da na sani, tun bazara nake tarar da ita idan na dawo kasuwa. Kuma ga layin toka can a jikin katanga."

Idanu suka juya kan katangar Talotalo. Sai dai ruwan sama ya riga ya wanke layin, saura ɗan dishi-dishi.

Jan naman wuyan Talotalo ya ƙara ja. "Sharri! Ƙazafi! Ni za ki shafa wa ƙazanta? Ni da ko tsinke ba ya kwana a gidana?"

Baba Jaki ya yi gyaran murya. "Malam, ni dai tunda nake zagayen nan ban taɓa ganin kwando a ƙofarka ba. Ina sharar gidanka take zuwa?"

"Gidana ba ya yin shara!" Talotalo ya daka tsawa. "Ku saurara da kyau, kowa ya zama shaida. Babu wani abu nawa a lungun nan, ko ƙwayar gero. Babu jiya, babu yau, babu gobe!"

"Kowa ya ji," in ji Hankaka. Ya juya ga Bushiya. "Zato ba ya isa in hukunta kowa. Amma ke ma kina da naki laifin. Da kin zo mini tun ranar farko, da layin tokar nan yana nan, da kuma tsibin bai kai haka ba. Ga abin da za a yi. Gobe unguwa za ta yi gayya a kwashe. Daga nan lungu ya zama a hannunki. Duk abin da kika gani a ciki, ki zo ki faɗa mini a ranar. Idan na sake tarar da bola ba ki faɗa ba, babu sauran waina a nan."

Da safe aka fito gayya. Gayya kuwa a Gindin Ɗorawa kusan biki ce. Akuya ta zo da shebur, Agwagwa ta zo da manjagara, wani ya fara waƙa wasu suna amsawa. Talotalo ya aiko cewa kansa na ciwo. Aka tsince leda da gwangwani, Baba Jaki ya yi sawu bakwai zuwa bayan gari. Da aka kai ƙasan tsibin sai aka tarar ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa mai laushi.

"Ku dakata," in ji Baba Jaki. "Ku ga wani abu."

A gindin katangar Talotalo, cikin baƙar ƙasar nan, wasu 'yan tsirrai guda biyar sun fito, kowanne da ganye biyu, wani ma ɓawon irin na maƙale a kansa kamar hula.

"Kabewa ce," in ji Akuya, tana lasar baki.

"Don Allah ku bar mini su," Bushiya ta ce da sauri. "Idan aka ga shuka a wuri, ba a cika zuba shara ba."

Aka bar mata. Ta samo ƙaya ta toshe bakin lungu, ta mayar da zuwa kasuwarta da hantsi bayan ta gama suya, don rana tsaka ta same ta a gida tana cire ciyawa. Hankaka ma ya ɗauki sabon hali na ratsowa ta sama daidai wannan lokaci.

Lungu ya yi kyau. Kabewa ta yi yaɗo ta rufe ƙasa da manyan ganye, ta hau katanga, ta yi furanni rawaya. Ƙudaje suka tafi, ƙudan zuma suka zo. Masu sayen waina suka fara dawowa, amma ba duka ba. Har yanzu akwai masu cewa a bayan ido, "Anya ba ita ce mai bolar ba? Ai ba a kama kowa ba." Bushiya na ji, kuma abin na yi mata ciwo.

Shi kuwa Talotalo ya shiga uku. Ya hau turmi da kwando ya leƙa, sai ya ga Bushiya a ƙasa tana cire ciyawa, ta ɗago ta ce masa, "Sannu da hutawa, Malam." Ya sauko da sauri. Ya fito da kwandon ƙofa kuwa, bayan abin da ya faɗa a gaban jama'a? Ina! Sai ya buɗe ɗakin ajiyarsa ya juye a ciki ya kulle. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Kabewarsa ta cikin gida ma ba ta yi abin kirki ba. Shekara da shekaru yana share saƙon nan ƙal, ba ya barin ko busasshen ganye ya ruɓe a wurin, toka kuwa duk ta bi ta katanga. Ƙasa ta gaji ta yi fari. Yaɗon ya fito siriri, ya yi 'ya'ya biyu kamar ƙwan zabuwa, suka yi rawaya suka faɗi.

Wata safiya, kusa da kaka, Bushiya ta ɗaga wani babban ganye don ta ga abin da ke ƙasa. Sai ta ja da baya. Kabewa ce doguwa, mai wuya kamar gora, da fararen zane a jiki. Ta ɗaga wani ganyen, ga wata. Ta ɗaga na gaba, ga wata.

Wannan karon ba ta tsaya shawara da tsoro ba. Ko ƙullu ba ta rufe ba ta nufi wurin Hankaka.

"Ranka ya daɗe, ka ce duk abin da na gani in faɗa a ranar. To na ga wani abu."

Hankaka ya zo ya duba, ya karkata kai, ya sake dubawa da ɗaya idon.

"Kin yi daidai da kika zo. Na gane ta, kowa ma zai gane ta. Amma idan na tare shi yanzu zai ce tsuntsu ne ya ɗauko irin. Ki yanke mafi girma, ki ajiye a kan faifai kusa da tandarki gobe da safe. Kada ki ce komai."

"Wannan mai sauƙi ne," in ji Bushiya. "Na saba."

Washegari layin waina ya cika, kowa na kallon kabewa yana taɓa na kusa da shi. Talotalo ya buɗe ƙofa ya baza jela kamar kullum. Sai idonsa ya sauka kan faifai. Jelar ta rufe da kanta.

"Ɓarauniya!" ya ƙwala ihu. "Jama'a, ɓarauniya! A kira duba-gari! A kira kowa!"

Bai ma jira an kira ba, shi da kansa ya ruga ya jawo Hankaka, wanda da ma yana kan ɗorawa yana jira.

"Yallaɓai, ƙara na kawo! Wannan kabewa tawa ce. Duk ƙasar nan babu mai irinta sai ni. Ta sace mini iri!"

"Zancen sata babba ne," in ji Hankaka. "A ina kake ajiye irin?"

"A gwangwani, a ɗakin ajiya, a kulle. Ga makullin nan a ƙarƙashin fiffikena, ko barci nake yana nan."

"Bushiya ta taɓa shiga gidanka?"

"Ta shiga ina? Da waɗannan ƙafafun? Babu wanda ya taɓa taka mini daɓe!"

"Ko ka taɓa ba wani irin, shi kuma ya ba ta?"

"Ni? Ko ƙwaya ɗaya ban taɓa bayarwa ba. Ita kanta ta roƙa na hana ta!"

Hankaka ya juya ga jama'a. "Wa ya ga lokacin da Bushiya ta shuka kabewar nan?"

"Ba ta shuka ba," in ji Baba Jaki. "Ranar gayya muka tarar da ita ta tsiro a ƙasan bola, a gindin katangar Malam. Ni na fara gani."

"Ni ma na gani," in ji Akuya. "Har na so in ɗanɗana aka hana ni."

"To ka ji," Hankaka ya ce wa Talotalo. "Ba a shiga gidanka ba, ba ka ba kowa ba, makulli na jikinka. Kuma da bakinka ka ce babu wani abu naka a lungun nan, babu jiya, babu yau, babu gobe. Ke nan wannan wata kabewa ce daban mai kama da taka. Ta Bushiya ce, ita da sauran goma sha ɗaya da ke ciki."

"Goma sha ɗaya?" Talotalo ya leƙa lungu, ya ga manyan kabewa kwance cikin ganye, ya tuna da nasa biyu da suka faɗi, ya tuna bikin kaka saura kwana kaɗan. Nan take hankalinsa ya bar jikinsa.

"Wallahi ba za ta saɓu ba! Nawa ne, duka nawa ne! Don na zubo abu ta katangata shi ke nan ya zama na wata? Ni na kankare cikin kabewar da hannuna, ni na juye kwandon a nan!"

Jama'a suka dubi juna.

Agwagwa ce ta fara fashewa da dariya, sai kowa ya ɗauka.

"Kowa ya ji," in ji Hankaka, kamar yadda ya faɗa wancan karo. "Saura tambaya ɗaya, Malam. Tun ranar gayya ba a sake zuba komai a lungu ba, kuma har yau babu kwando a ƙofarka. Ina sharar wata uku?"

Talotalo ya sunkuyar da kai. A karo na farko jama'a suka taka daɓen gidansa, kuma gaskiya daɓe ne mai kyau. Ya ciro makulli ya buɗe ɗakin ajiya. Ƙofar ba ta jira an tura ta ba. Shara ta ɓarko waje, ta binne shi har wuya, ga wari, ga kyankyasai suna gudu ta ko'ina. Da aka tono gwangwanin irin, danshi ya riga ya shige shi, duk 'ya'yan sun yi funfuna sun ruɓe.

Hankaka ya yanke hukunci. Talotalo zai kwashe ɗakin nan da kansa, ya ware abin taki daban, leda daban. Sannan daga ranar har ruwan farko na baɗi, kowace safiya zai bi Baba Jaki ƙofa-ƙofa, shi ne mai ɗaga kwando yana juyewa a mangala.

"A gaban mutane?" Talotalo ya tambaya da ƙaramar murya.

"Da sassafe, lokacin da kowa ke ƙofar gida," in ji Hankaka.

Agwagwa ta matso kusa da Bushiya ta miƙa kwano. "Ki yafe mini, 'yar'uwa. Ina cikin masu zarginki. Zuba mini ta yau, ki haɗa da ta kwanakin da na yi fashi."

Ranar bikin kaka ba a kalli kabewa a kan faifai ba, cin ta aka yi. Bushiya ta dafa taushe a babbar tukunya, unguwa duka ta ci da waina har ana lasar kwano. Ta wanke 'ya'yan kabewar ta shanya, ta ƙulla wa kowane gida nasa a ganye.

Talotalo bai je bikin ba. Kwanakin farko na bin Baba Jaki sun yi masa wuya, yana tafe yana ɓoye fuska a bayan mangala. Amma babu wanda ya yi masa dariya bayan ta ranar nan. Sannu da aiki kawai ake ce masa, wasu har da ruwan sha. A hankali ya fara amsawa. Har ya zama shi ne mai faɗa idan ya ga an cusa leda a cikin toka, domin mai hali ba ya rasa inda zai kai halinsa.

Da bazara ta zo, gajimare ya fara haɗuwa, wata safiya ya ajiye kwandon Bushiya bayan ya juye, amma bai wuce ba. Ya tsaya yana tona ƙasa da ƙafa.

"Maƙwabciya, ina kwana?"

"Lafiya lau, Malam. Ya aiki?"

"Da godiya." Ya dubi Baba Jaki, Baba Jaki ya dubi sama. "Da ma cewa na yi, ko za ki taimaka mini da 'ya'yan kabewar nan. Ko guda uku ne."

Bushiya ta juya ta shiga gida. Talotalo ya tsaya yana jiran abin da ya san ya cancanta. Sai ga ta ta fito da ƙulli cike da iri, ta miƙa masa. Sannan ta shiga lungu, ta jawo kwando cike da baƙar ƙasa mai laushi, ta ajiye a gabansa.

"Ka haɗa da wannan, Malam, in ba haka ba ba za ta yi ba. Kada ka ji nauyi. Ƙasar ma daga gidanka ta fito."

Talotalo ya ɗauki kwandon ya ɗora a ka, ya ratsa ta gaban layin masu sayen waina, ya shiga da shi ta shuɗiyar ƙofarsa. Washegari da safe kuwa, a gaban ƙofar nan, ga kwandon shara a ajiye yana jiran Baba Jaki.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gidanka bai tsabtata ba idan ƙazantarsa kan maƙwabci ka juye, kuma abin da ka jefar a ɓoye yana iya tsirowa ya kira sunanka a gaban jama'a. Haka nan, idan kun ga ana zuba shara inda bai dace ba, kada kunya ko tsoro su rufe muku baki kamar yadda suka rufe wa Bushiya har tandarta ta kusa tashi. Ku je wurin wanda alhakin abin ke wuyansa tun tsibin yana ƙarami, ku faɗi abin da idonku ya gani ba tare da ƙari ba, sannan idan an kira gayya ku fito da tsintsiyarku.